Fashin baƙi: Lambar firam mai alƙaluma miliyan 41, yaya aka tabbatar ba ta rabuwa, kuma wa za ta amfana?

A ranar 21 ga Oktoban 2024 aka sanar da cewa Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin ƙera na'urorin kwamfuta na NVIDIA da ke zaune a San Jose ta jihar Kalifoniya a Amurka, ya gano wata lambar firam mai alƙaluma 41,024,320. Tun daga lokacin ake ta maimaita maganganu biyu a kanta: wai an gano lambar firam mafi girma a duniya, wai kuma za ta ƙara wa bankuna da intanet tsaro. Dukansu biyun suna buƙatar gyara. Tambayar da ta fi su muhimmanci ita ce: lambar da in mutum zai karanta alƙalami ɗaya duk daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya shafe kwana 475 kafin ya kai ƙarshenta, ta yaya aka tabbatar babu abin da ke raba ta? Kuma ban da girma, me aka sani game da ita?

Mece ce lambar firam?

Lambar firam ita ce cikakkiyar lamba da ta wuce 1, wadda babu mai raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta. Ga na farkonsu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23. Duk sauran lambobi da su aka gina su, kuma kowace lamba hanya ɗaya tak ake gina ta: 60 ita ce 2 × 2 × 3 × 5, babu wata haɗuwar lambobin firam da za ta ba da 60 ban da wannan. Dalilin da ya sa ba a lissafa 1 a cikinsu ke nan. Da an shigar da ita, da sai a riƙa liƙa ta sau ɗaya, sau biyu, sau goma a gaban kowace lamba, ƙa'idar hanya ɗaya ta rushe.

Ana yin sama suna ƙara ƙaranci. Akwai 25 a ƙasa da 100, akwai 168 a ƙasa da 1,000, akwai 78,498 a ƙasa da miliyan ɗaya. Amma ba sa ƙarewa.

"Mafi girma" ko "mafi girma da aka sani"?

Kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Yuklid, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariya ta Masar, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya kawo hujjar da har yau ba ta tsufa ba. Ɗauki kowane jerin lambobin firam da kake da su, ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara 1. Sabuwar lambar da ta fito, duk wadda ka raba ta da ita daga cikin jerin naka sai ta bar saura 1. Ke nan ko dai ita kanta firam ce, ko kuma akwai wata firam da ke raba ta wadda ba ta cikin jerinka. Ko ta wane ɓangare ka duba, jerin bai cika ba.

Akwai kuskuren da ɗalibai ke yawan yi a nan, suna ɗauka sabuwar lambar dole firam ce. Ba dole ba ne. 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 + 1 ya ba da 30,031, ita kuwa 59 × 509 ce.

Har ma an san inda wata firam da ta fi ta Durant take. Chebyshev na Rasha ya tabbatar tun tsakiyar ƙarni na 19 cewa tsakanin kowace lamba da ta wuce 1 da ninkinta biyu akwai firam. Saboda haka akwai wadda ta fi ta Durant girma, ba ta ma kai ninkinta biyu ba. A yankin da lambar take, kimanin lamba ɗaya cikin kowace miliyan 94 firam ce. Suna nan jingim a kewaye da ita. Matsalar ita ce babu hanyar da za a nuna ɗaya daga cikinsu da yatsa a ce ga ta, kuma wannan ne ya kawo mu ga siffar lambar, wadda ita ce ainihin labarin.

Siffarta: biyu a ninka, a cire ɗaya

In aka rubuta 2^5, ana nufin a jera 2 sau biyar a ninka: 2 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 32. Lambar 5 ɗin nan za mu riƙa kiran ta lambar sama. Lambar Durant ita ce 2^136,279,841 − 1. Lambobi masu wannan siffa ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rasu a 1648.

Sharaɗi na farko: in har lambar Mersenne za ta zama firam, sai lambar samanta ta zama firam. Dalilin mai sauƙi ne. In lambar sama tana rabuwa, misali 6 da take 2 × 3, to 2^2 − 1 da 2^3 − 1 duk za su raba 2^6 − 1. Duba: 63 tana rabuwa da 3, tana rabuwa da 7. Saboda haka 136,279,841 ita ma firam ce.

Sai dai sharaɗin bai wadatar ba. 11 firam ce, amma 2^11 − 1 ita ce 2,047, wato 23 × 89. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe a nan. A 1644 ya ce daga cikin lambobin sama har zuwa 257, waɗanda ke ba da firam su ne 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai a 1903 Frank Nelson Cole ya nuna a gaban taron masana lissafi a Amurka cewa 2^67 − 1 daidai take da 193,707,721 × 761,838,257,287.

Akwai miliyoyin lambobin firam da ke ƙasa da 136,279,841 waɗanda za su iya zama lambar sama, amma ta Durant ita ce lambar Mersenne ta 52 kacal da aka san firam ce. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Abin da za ka iya sani game da ita da biro da takarda

Abin sha'awa da wannan siffa shi ne tana ba ka damar sanin abubuwa da dama game da lambar ba tare da ka taɓa ganin ta ba.

Yawan alƙalumanta: ana ninka lambar sama da logaridim ɗin 2, wato 0.30102999566, a zubar da ɓarin da ke bayan ɗigo, a ƙara 1. Lissafin ya ba da 41,024,319.945, saboda haka alƙaluma 41,024,320 ne. A kula a nan: wanda ya yi amfani da 0.30103 da aka saba gani a teburin makaranta zai samu 41,024,320.5, ya ƙare da amsar da ta wuce gaskiya da alƙalami ɗaya. Ɗan bambancin da bai kai a damu da shi ba a ƙananan lambobi, in aka ninka shi sau miliyan 136 sai ya zama kuskure. Shi kuma ɓarin nan na 0.945 ba banza ba ne, shi ke nuna da me lambar ta fara: 10 mai lambar sama 0.945 kusan 8.81 ne, lambar kuwa da 881 ta fara.

Ƙarshenta: ninkin 2 yana ƙarewa da 2, 4, 8, 6, sannan ya sake zagayowa. Zagaye ne mai tasha huɗu. In ka raba 136,279,841 da 4 saura 1 ne, wato tasha ta farko, 2. Cire 1, alƙalamin ƙarshe ya zama 1. Alƙaluma uku na ƙarshe kuwa zagayensu 100 ne. Lambar sama ta ƙare da 41, ita kuma 2^41 ita ce 2,199,023,255,552. Ke nan lambar Durant da 551 ta ƙare.

Jimillar alƙalumanta: in ka raba ninkin 2 da 9, saura yana bin 2, 4, 8, 7, 5, 1. Lambar sama in an raba ta da 6 saura 5 ne, tasha ta biyar kuwa 5 ce, cire 1 ya rage 4. Da za ka tara alƙaluman nan miliyan 41, ka sake tara alƙaluman amsar, ka yi ta yi har ya rage alƙalami ɗaya, 4 za ka samu.

In aka raba ta da 4 saura 3 ne, don haka ba za a iya rubuta ta a matsayin jimillar murabba'i biyu ba, irin yadda 13 take 4 + 9, wato 2 × 2 da 3 × 3.

A tsarin da kwamfuta ke ƙirga, na sifili da ɗaya, lambar ba ta da sifili ko guda. 1 ce zalla a jere sau 136,279,841. A wannan tsari megabait 17 take ci, a rubutun alƙaluma na yau da kullum kuma megabait 41. Da za a buga ta a littafi mai alƙaluma 3,000 a kowane shafi, sai an yi shafi 13,675.

Me ya sa ba za a yi ta rabawa ba har a gama?

Hanyar da aka koya mana a makaranta ita ce a gwada raba lamba da 2, da 3, da 5, har a kai lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da wadda ake gwadawa. Ga 101, da ka wuce 7 ka gama. Ga lambar Durant, iyakar da za ka kai tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ƙwayoyin zarra da aka ƙiyasta suna cikin duk sararin samaniyar da ake iya hangowa, adadinsu alƙaluma 80 ne da ɗan wani abu. Babu kwamfutar da za ta kama hanyar gama wannan aiki, komai gudunta.

Akwai ma gwaje-gwajen da ba su da kuskure ko kaɗan amma ba sa aiki a zahiri. Ibn al-Haisam, masanin Basra da ya yi aiki a Alƙahira kusan shekara dubu da ta wuce, ya san cewa in ka ninka duk lambobin da ke ƙasa da wata firam ka ƙara 1, firam ɗin za ta raba amsar. Ga 7: 1 × 2 × 3 × 4 × 5 × 6 + 1 ya ba da 721, wato 7 × 103. Ƙa'ida ce mai kyau, lambar firam kaɗai ke cika ta, amma ta fi rabawar makaranta wahala.

Gwajin Lucas da Lehmer

Nan ne lambobin Mersenne suka yi wa sauran zarra. Édouard Lucas na Faransa ya samo wata dabara da ya tabbatar da 2^127 − 1 da ita a 1876, lamba mai alƙaluma 39, da hannu. Har yau ita ce firam mafi girma da aka tabbatar ba tare da na'ura ba. Derrick Lehmer na Amurka ya gyara dabarar a shekarun 1930 ta koma yadda ake amfani da ita yanzu.

Ga yadda take. Kira lambar sama p, wadda firam ce da ta wuce 2, ka kira lambar da ake gwadawa M. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire 2, raba da M, riƙe saura kawai. Wannan saura za ka sake ninkawa da kansa, ka cire 2, ka raba da M. Maimaita sau p − 2. In ka ƙare da sifili, M firam ce. In ka ƙare da wani abu dabam, ba firam ba ce. Babu wataƙila a ciki.

A gwada da p = 7, M = 127, matakai biyar. 4 ta koma 14. 14 ta koma 194, saura 67. 67 ta koma 4,487, saura 42. 42 ta koma 1,762, saura 111. 111 ta koma 12,319, wadda take 127 × 97 cif, saura sifili. 127 firam ce.

A gwada da 2,047 da muka san tana rabuwa, matakai tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba a ƙare da sifili ba, gwajin ya kama ta. Lura da cewa bai faɗa maka 23 ne ko 89 ke raba ta ba, iyaka ya ce tana rabuwa. Akwai tarin lambobin Mersenne da aka tabbatar ba firam ba ne amma har yau ba a san ko ɗaya daga masu raba su ba.

Abu na biyu da ke sauƙaƙa aikin shi ne rabawar kanta. Rabawa ita ce mafi tsada a lissafin kwamfuta, amma ga M ba a buƙatar ta. Tun da 2^p ya fi M da ɗaya tak, kowane ƙunshi na 2^p daidai yake da 1 a wajen saura. Misali, 194 a raba da 31, wato 2^5 − 1: akwai ƙunshin 32 guda 6 a ciki da ragowar 2, sai ka tara 6 da 2, saura 8. A cikin kwamfuta wannan yanka lambar gida biyu ne a tara, shi ke nan.

Ga lambar Durant matakan 136,279,839 ne, kowane mataki kuma ninka lamba mai alƙaluma miliyan 41 ne da kanta. Da hanyar makaranta, mataki ɗaya zai ci ƙananan ninkawa sama da tiriliyan 1,600. Shi ya sa ake amfani da dabarar Fourier mai sauri, wadda ke farfasa lambar zuwa miliyoyin guntaye, ta sarrafa su kamar yadda ake sarrafa igiyar sauti, ta sake haɗe su. In na'ura na gama mataki ɗaya cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, gwajin gaba ɗaya zai ɗauki kusan awa 38.

Yadda ake tankaɗe kafin a kai ga babban gwaji

Ba kowace lamba ake ɓata wa waɗannan awoyi ba. Duk firam ɗin da za ta raba 2^p − 1 dole ta kasance ninkin 2p da ƙarin 1, kuma in an raba ta da 8 saura ya zama 1 ko 7. A 2,047, ninki biyu na 11 shi ne 22: 23 ita ce 22 + 1, 89 kuma 22 × 4 + 1. Ga lambar Durant, 2p shi ne 272,559,682. 'Yar takara ta farko, 272,559,683, saurarta 3 ne a kan 8, an jefar. Ta biyu ma an jefar, saurarta 5 ne. Sai ta uku, 817,679,047, ake fara gwadawa. Duk lambobin da ke ƙasa da wannan ba sai an kalle su ba.

Bayan an gwada irin waɗannan har zuwa wata iyaka, sai a bi da dabarar da John Pollard ya fito da ita a 1974, wadda ke iya kamo manyan masu rabawa in sun zo da wata siffa ta musamman. Wadda ta tsallake waɗannan matakai biyu ita ake kai wa gwajin gaske.

Shirin da ke tsara wannan aiki sunansa GIMPS. George Woltman ne ya kafa shi a 1996, yana raba wa masu sa kai lambobin da za su gwada a kwamfutocinsu ta manhajar Prime95. Firam ta farko da shirin ya samo, a Nuwamban 1996, alƙalumanta 420,921 ne. Ta Durant ita ce ta 18.

Inda abu ke lalacewa

Babban abokin gaba a wannan aiki shi ne kuskuren na'ura. In zafi ya yi wa kwamfuta yawa ko ma'ajiyarta ta samu matsala, sifili ɗaya ya juye ya koma 1 a mataki na miliyan hamsin, duk abin da ya biyo baya ya zama shirme, kuma ba za a ga alama ba. Amsar ƙarshe za ta fito ba sifili ba, a rubuta cewa lambar tana rabuwa, alhali wataƙila firam ce aka wuce. Ita ma dabarar Fourier da ɓarin lambobi take aiki, in aka zaɓi guntaye da suka yi wa lambar kaɗan, kuskuren ƙiyasi zai taru ya ɓata lissafin. Shekara da shekaru maganin shi ne a maimaita kowane gwaji a wata kwamfuta dabam a kwatanta wutsiyar amsoshin biyu. Ninki biyu na aiki ke nan.

Wannan ne ya sa GIMPS ya koma fara gwaji da ƙa'idar Fermat. Ƙa'idar ta ce in N firam ce da ta wuce 3, to 3^(N − 1) in an raba shi da N saura 1 ne. Akasin haka ba ya tabbata: akwai lambobi masu rabuwa da ke cin wannan jarrabawa, shi ya sa wadda ta ci ake kiran ta firam ta zato. Ana amfani da 3 ne ba 2 ba, domin duk lambar Mersenne mai lambar sama firam tana cin jarrabawar 2, har da 2,047. Amfanin wannan hanya shi ne Robert Gerbicz ya samo dabarar da ke bincika lissafin yana cikin tafiya, in an samu kuskure a koma baya kaɗan a gyara. Daga 2020 kuma aka ƙara wata shaida da kwamfutar ke fitarwa, wadda wani zai tantance cikin ɗan lokaci ba tare da ya maimaita aikin duka ba.

Haka aka bi da lambar Durant. A ranar 11 ga Oktoba wata na'urar GPU, wato na'ura mai saurin lissafi, ƙirar NVIDIA A100 a Dablin ta ƙasar Ailan ta ba da rahoton firam ta zato. Washegari, 12 ga wata, wata H100 a San Antonio ta jihar Texas ta tabbatar da ita ta hanyar gwajin Lucas da Lehmer. Sannan wasu suka sake gwadawa da manhajoji dabam a na'urori dabam kafin a sanar.

Wani lokacin ma ba lissafi ne ke kuskure ba. Wata kwamfuta a jami'ar da wani mai sa kai na GIMPS, Curtis Cooper, ke koyarwa ta gano 2^74,207,281 − 1 a Satumban 2015, amma saƙon imel da ya kamata ya sanar da mutane bai fita ba. Sai a Janairun 2016 aka lura da ita a cikin bayanai.

Ta 52 a ganowa, ba lallai ta 52 a jeri ba

Wadda ta riƙe kambu kafin ta Durant ita ce 2^82,589,933 − 1 mai alƙaluma 24,862,048, da Patrick Laroche ya samo a Disamban 2018. A lokacin da aka sanar da ta Durant ba a gama gwada duk lambobin saman da ke tsakanin biyun ba, don haka ba a yanke cewa babu wata a tsakani ba. An taɓa ganin haka: an gano 2^43,112,609 − 1 a Agustan 2008, sai ga 2^37,156,667 − 1 a Satumba, sai kuma 2^42,643,801 − 1 a 2009, dukansu ƙanana da ita.

Ko lambobin Mersenne masu firam suna da iyaka? Babu wanda ya tabbatar. Hasashen da masana suka fi yarda da shi ya ce ba su da iyaka, kuma a matsakaici kowace lambar sama tana kusan ninkin 1.48 na wadda ta gabace ta. Tsakanin ta Laroche da ta Durant ninkin 1.65 ne.

Kyautar da ta zo da ita

Lamba kammalalliya ita ce wadda masu raba ta, in an cire ita kanta, suka taru suka ba da ita: 6 ita ce 1 + 2 + 3, 28 kuma 1 + 2 + 4 + 7 + 14. Sai 496, sai 8,128. Yuklid ya nuna cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama firam, in ka ninka ta da 2^(p − 1) za ka samu kammalalliya. Masanin lissafi Euler ya zo a ƙarni na 18 ya tabbatar cewa duk kammalalliyar da 2 ke rabawa ta wannan hanya kaɗai take fitowa. Saboda haka ranar da aka samu firam ta 52 aka samu kammalalliya ta 52, mai alƙaluma 82,048,640, kuma da 6 ta ƙare. Ko akwai kammalalliya wuturi, wadda 2 ba ta rabawa? Ba a taɓa samu ba, ba a kuma tabbatar babu ba.

Batun tsaron banki da waya

Gaskiya ne tsaron intanet ya dogara da lambobin firam, amma ba irin wannan ba. Tsarin RSA, wanda Rivest, Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, yana ɗaukar firam biyu a ɓoye, ya ninka su, ya bayyana amsar ga kowa. Tsaron yana cikin wahalar komawa baya daga amsar zuwa lambobin biyu. Mabuɗin da aka fi amfani da shi, wato amsar ninkawar, alƙalumansa 617 ne, kowace firam a cikinsa kimanin alƙaluma 309. Kwamfutar gida tana samar da irinsu cikin ƙiftawar ido. Lambar Durant ta gaza a wannan aiki ta fuska biyu: ta yi girman da zai sa aika saƙo ɗaya ya zama jan aiki, kuma duk duniya ta san ta. Wanda ya yi mabuɗi da ita kamar wanda ya kulle shago ne ya rataye makullin a jikin ƙofa.

Ƙananan 'yan'uwanta dai suna aiki. Akwai tsarin ɓoye bayanai da aka gina a kan 2^521 − 1, wadda Raphael Robinson ya gano da kwamfuta a 1952. Wata firam mai kama da su, 2^255 − 19, tana cikin tsarin da ke kulle saƙonnin WhatsApp da Signal. Dabarar samar da lambobin ƙuri'a da Makoto Matsumoto da Takuji Nishimura na Japan suka ƙirƙira a 1997, wadda harshen kwamfuta na Python ke amfani da ita, a kan 2^19,937 − 1 take. Ita kuwa 2^31 − 1, wato 2,147,483,647, da Euler ya tabbatar a 1772, ita ce iyakar abin da tsofaffin tsare-tsaren kwamfuta da yawa ke iya ƙirgawa, kuma agogon da ke ƙirga daƙiƙu da wannan tsari tun 1970 zai cika ranar 19 ga Janairun 2038.

Ɓarnar kuɗi ce ko ilimi?

Durant ya yi hayar dubban na'urorin GPU a cibiyoyin bayanai da ke ƙasashe 17, ya yi kusan shekara guda yana nema, kuma rahotanni sun ce ya kashe kusan dala miliyan 2 daga aljihunsa. Ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne. Masu suka na cewa an ƙona kuɗi da wutar lantarki a kan lambar da ba ta warware wata matsala ba, kuma da gaskiyarsu a wani ɓangare: firam ta 52 ba ta koya wa masana wata sabuwar ƙa'ida ba. Wasu masu sa kai kuma suna ganin an sauya wasan, domin shekara 28 kwamfutocin gida da na ofis ne ke samo waɗannan lambobi, yanzu mai kuɗin haya ya shigo.

A ganina amfanin yana cikin kayan aikin da neman ya haifar, ba cikin lambar ba. Manhajar Prime95 ta zama abin da masu haɗa kwamfuta ke gwada lafiyar na'ura da shi, domin kuskure ɗaya ba ya ɓuya a irin wannan lissafi. Ita ta bankaɗo wata matsala a na'urorin Skylake na Intel a farkon 2016. Tun kafin nan, a 1994, Thomas Nicely yana bincike kan tagwayen lambobin firam, irin 11 da 13 masu bambancin 2, ya gano cewa na'urar Pentium ta Intel na kuskure a wasu rabe-rabe, abin da ya ci wa Intel dala miliyan 475.

Wanda ke son shiga, manhajar kyauta ce, amma ya san abin da zai tarar. Za ta riƙa aiki da ƙarfin kwamfutar dare da rana, ta ƙara zafi, ta ƙara shan wuta, gwaji ɗaya kuma kan ɗauki kwanaki ko makonni gwargwadon ƙarfin na'ura. Tana adana inda ta tsaya lokaci-lokaci, saboda haka ɗaukewar wuta ba ta mayar da aikin farko, amma ƙaramar kwamfutar cinya da ke kan batiri ko janareta ba wurinta ba ne. Ga mai hangen kuɗi, gidauniyar Electronic Frontier Foundation ta ware dala 150,000 ga firam ta farko mai alƙaluma miliyan 100, wadda lambar samanta za ta haura miliyan 332, da dala 250,000 ga mai alƙaluma biliyan ɗaya. A ƙa'idar GIMPS, dala 50,000 ne daga cikin ta farkon za su shiga hannun wanda kwamfutarsa ta gano.